Azumin da Rakiya Ta Kasa Goyo

Bana ruwa ya ja mana rai. Sau uku hadari yana haɗuwa a gabas, ya yi baƙi ƙirin, mu kwashe shanya mu jera bokitai a bakin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi ta bar mu da gumi. Jiya da la'asar ya sauka. Ina zaune a ƙofar ɗakina a nan Bebeji, ƙamshin ƙasa ya bugi hancina, sai ga matar jikana ta fito a guje da goyo tana kwashe barkonon da ta shanya. Yaron yana ta barcinsa, kansa na lilo, ita ko waiwaye ba ta yi ba. Kallon nan da na yi mata shi ya mayar da ni wata shekara, kusan arba'in baya, da ruwa ya yi mana irin wannan jan rai, azumi kuma ya faɗo a tsakiyarsa.

Lokacin ina aiki a wani ɗan asibiti a ƙasar Tudun Wada. Na yi karatun jinya, na ƙara da na kula da masu taɓin hankali, aka turo ni in riƙe ɓangarensu. Ɓangare dai a baki. Ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da benci biyu, da kabad ɗin magani, da dalbejiya a ƙofa. Likitanmu daga Kano yake zuwa sau ɗaya a wata, in motarsa ta yarda. Mu uku ne a wurin: ni shugaba, da Malam Garba mai ba da magani, da Rakiya.

Rakiya nas ce, na girme ta da shekara shida. Mijinta malamin makaranta ne ɗan Ƙafin Maiyaki, suna haya kusa da asibitin, tana shayar da 'yarta Ummi mai wata goma. Mahaifiyarta Bafillatana ce, saboda haka Fulatanci a bakinta yake tun tana ƙarama. Ga ta da haƙurin sauraro. Sai ta zauna gaban mutumin da ya ƙi magana har awa guda, ba ta ƙosa ba, har ya buɗe baki don kansa. Ni Allah bai ba ni wannan ba. In na yi tambaya ba a amsa ba, na riga na jefa ta biyu.

Daminar da ta gabaci wannan shekara ta ɗauke tun gero bai gama ido ba, dawa kuwa a tsaye ta bushe. Ciwo ya shiga shanu, rugagen da ke tsakanin Tudun Wada da Doguwa suka yi asarar da har yau tsofaffi ba sa son a tayar da zancenta. Kafin bazara ta raba, rumbuna sun yi ƙasa. Gidan da ake tuwo sau biyu ya koma sau ɗaya, aka jingina da kwaɗon zogale da rama, da garin rogo da ake jiƙawa a barbaɗa ɗan ƙuli. Guga yana dawowa daga rijiya da laka. Mata sukan yi sammako zuwa rafi su tona yashi, su zauna jiran ruwa ya tsatso. An yi yayyafi sau ɗaya, kowa ya fita ya shuka, rana ta ƙone irin a cikin rami. Masu sauran iri suka yi binne, suka zuba shi a busasshiyar ƙasa suka bar wa Allah.

Zafi kuwa ba a magana. Da rana tsaka kwanon ɗakinmu yakan yi ta ƙas-ƙas kamar ana taka shi. Dole muka fito da tebur da akwatin katin marasa lafiya ƙarƙashin dalbejiya, a nan muke ganin mutane.

A da masu farfaɗiya muka fi gani, da waɗanda ake kawowa a ɗaure. Shekarar nan sai aka fara kawo mana wasu irin mutane, masu hankalinsu sarai, amma sun daina ci, sun daina barci, wasu sun daina magana. Dattijon da ya shiga rani da garke ya fito da sanda kawai. Matar da baƙon dauro ya ɗauke wa 'ya'ya biyu a mako guda. Duk suna jin Hausa, da ita suke ciniki a kasuwa, amma in aka zo kan abin da ya ƙona musu rai, sai harshe ya koma Fulatanci. Ni kuwa sai in ɗaga murya in ce, "Rakiya, zo ga naki."

Ga naki. Haka nake cewa, kuma a ganina yabo ne. Abin da ban lura da shi ba, kowane labari sau uku yake bi ta jikinta. Ta ji da kunnenta, ta juyo ta maimaita mini da bakinta, sannan ta zauna ta rubuta a kati. In likita ya zo ta sake na huɗu. Ni ina gefe ina gyara zaman hulata, ina jin daɗin ɓangarena yana tafiya daidai.

Ana saura makonni azumi aka kawo Shatu, wata matashiyar mace daga wata ruga a wajen Doguwa. Kafin nan ɗanta ya kamu da baƙon dauro, ta goya shi tun da sassafe ta kamo hanyar asibiti a ƙasa. Tana tafe tana masa magana, tana jin ɗuminsa a bayanta. Sai da ta iso aka kwance goyon aka ga ya daɗe da cikawa. Ɗumin da take ji na rana ne da na jikinta. Tun daga ranar ba ta da wani zance sai wannan tafiya. Duk ranar kasuwa mijinta zai kawo ta, ta zauna gaban Rakiya ta faro daga fitowarta ruga, kowace bishiya da ta wuce, kowace kalma da ta gaya wa yaron, tana tambaya a daidai ina ne ya cika. Rakiya ta saurara, ta maimaita mini, ta rubuta. Sannan ta tashi ta je ta ba Ummi nono.

Inna Kande ce ta ankarar da ni. Tsohuwa ce maƙwabciyar su Rakiya, ita ke riƙe Ummi in uwar tana aiki, kuma ita ce babbar mai wankan gawar mata a unguwar. Ranar huɗu ga azumi ta tare ni a hanya, bayan mun gaisa ta ce, "Sista, yaushe rabon da ki ga yarinyar nan da goyo?"

Na ce ban kula ba.

"To ki kula. Ta fi kwana ashirin ba ta sa Ummi a baya ba. A kafaɗa take girki, a kafaɗa take shara. Rannan da kaina na ɗora mata ita, ko taku biyar ba ta yi ba ta kwance tana haki, tana kai kunnenta hancin yarinya. Ga ta nan ta rame kamar ita ce mai jinyar."

Na yi abin da na ga ya dace da shugaba: na rubuta mata hutun wata guda. Da na miƙa mata takardar ta ce, "Sista, wani laifi na yi?" Na ce babu, gajiya ce kawai, ta je ta huta. Ban tambaye ta komai ba, don tsoron amsar nake ji. Mijinta ya kai ta gidansu a Ƙafin Maiyaki, wajen mahaifiyarsa.

Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko muni. A wurinmu in mai jinyar masu taɓin hankali ta zauna a gida, ba ciki ba haihuwa, ga rama ga firgita, babu wanda zai ce hutu ne. Kafin mako guda zance ya zagaya cewa abin da take jinya ya shafe ta. Aka shiga yi mata hayaƙi da rubutu. Mata suka daina miƙa mata jariransu. Mijin ya zo ya same ni, kansa a ƙasa, ya ce mahaifiyarsa ta yanke magana: bayan Sallah Rakiya za ta kawo takardar ajiye aiki, kuma in abin bai lafa ba za a raba ta da Ummi, kar yarinya ta sha a nono.

Na ce a raina zan ji da wannan daga baya, bari in riƙe wurin tukuna, ai na fi ta daɗewa a aikin. Malam Garba yana ɗan taɓa Fulatanci, ya zama tafintana. Kwana goma sha biyu kacal na yi. In an sha ruwa, kunun tsamiya ba ya yi mini ɗanɗanon komai. 'Ya'yana suka fara laɓewa in sun ji sallamata. Ina cikin sallah sai in tsinci kaina ina ƙirga bishiyoyin hanyar Shatu. Rannan wani dattijo mai farin gemu ya zauna gabana yana kiran sunayen shanunsa da suka mutu, ɗaya bayan ɗaya. Rana ta take, leɓena ya bushe, layi har bakin hanya. Sai na ji bakina ya ce, "Baffa, shanu ne fa, ba mutane ba." Malam Garba bai fassara ba, ba kuma sai ya fassara ba. Dattijon ya dube ni, ya ɗauki sandarsa, ya ce Allah ya ba mu lada, ya tafi. Bai sake dawowa ba, kuma har yau in na tuna kunya takan rufe ni.

Kwana biyu bayan haka wata tsohuwa ta rasu a unguwar da hantsi. Inna Kande ta aiko a kira ni. Su uku suke wanka, ɗaya ta yi tafiya, ana neman mace mai dakakkiyar zuciya ta zuba ruwa. Na je na zuba. Inna Kande tana wankewa, wata dattijuwa mai suna Gambo tana riƙe da mayafi tana kawar da kai. Da aka gama aka sa likkafani, maza suka ɗauka, na yafa gyalena zan koma bakin aiki. Inna Kande ta damƙe mini hannu.

"Ina zuwa? Ba a tashi haka."

Ta ja mu bayan rumbu, inuwar wata tsamiya. Ta sa aka kawo ruwa rabin ƙwarya, a wannan tsadar ruwan, muka wanke hannu, muka zuba sauran a ƙafafunmu. Ba mai sha, ana azumi. Sanyin ruwan nan har cikin kaina na ji shi. Sai Inna Kande ta ce, "Gambo, me ya tsaya miki?"

Gambo ta ce lallen ƙafar marigayiyar ne. "Tare muka ƙunsa ana jibi azumi. Ko gogewa bai yi ba." Ta yi kukanta, ba wanda ya katse ta, da ta gama ta share idonta. Inna Kande ta faɗi nata, ba zan rubuta shi ba, a can aka bar shi. Sannan ta juyo gare ni.

Na ce, "Ni ba komai, Inna. Na saba."

Ta yi 'yar dariya. "Shekara talatin ina wanka ban saba ba, ke a kwana nawa kika saba?"

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Kuma abin da ya fito ba na marigayiyar ba ne. Dattijon nan ne da sandarsa, da matar da ke tafe tana yi wa gawa hira. Ban kama sunan kowa ba, amma na zazzage duka. Suka bar ni har na tsagaita don kaina.

Inna Kande ta ce, "Abin da muka gani a ɗakin can amana ce, ba ya fita waje. Amma ba ma kai shi gida, a nan muke sauke shi tsakaninmu. Kuma ba mai wanka sau biyu a jere. Wadda ta wanke yau, gobe ruwa za ta zuba. Gambo ƙawarta ce ta rasu, shi ya sa na ba ta mayafi kawai. Mai shayarwa kuwa ba ma sa ta wankan jariri, ko ita kaɗai ta rage a garin." Ta tsare ni da ido. "To ku a can, da Rakiya take ta wanka, wa ke zuba mata ruwa?"

Ni da takarduna da farar rigata, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta wanke ni tas da tambaya ɗaya.

Ana saura kwana uku Sallah na hau motar kasuwa zuwa Kwanar Dangora, daga nan na sami a-kori-kura zuwa Ƙafin Maiyaki. Hagu da dama gonaki an share an yi kunya, ba ko tsiro ɗaya. Tun daga zauren gidan ƙaurin hayaƙi ya tare ni. Surukar Rakiya, Gwaggo Hauwa, tana zaune a tabarma da carbi. Rakiya tana bakin ƙofar ɗaki da Ummi a cinya, idanunta sun faɗa. Na durƙusa na gaida Gwaggo, ya ibada, ya jiran ruwa, ta amsa a daƙile.

Na ce, "Gwaggo, haƙuri na zo bayarwa. Abin da ke damun Rakiya ba iska ba ce. Ni ce."

Ta ajiye carbin. "Ke kuma? Asiri kika yi mata?"

"A'a. Gwaggo, a garin nan mace ɗaya ake bar wa wankan gawa kullum, ba mai zuba mata ruwa, ba mai riƙe mata mayafi?"

"Subhanallahi! Wa zai yi wannan rashin imani?"

"To ni na yi. Wata uku duk wanda ya zo da mutuwa a bakinsa, ita nake tura wa. Tana shayarwa na zaunar da ita gaban matar da ɗanta ya mutu a goye, mako bayan mako. Da ta tafi na zauna a kujerarta, kwana goma sha biyu kawai, na gaya wa dattijo sa'an mahaifina maganar da ba ta faɗuwa. Ku dubi wuyana, Gwaggo. In iska ce, to ni ma ta kama ni."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ba ta saba ganin shugaba ta yi tattaki da azumi a baki ta zo ta tona asirin kanta ba. Daga baya ta ce, "Ke da bakinki?" Na ce ni da bakina.

Na roƙi ruwa rabin ƙwarya, na ja Rakiya bayan ɗaki, na zuba mata a ƙafa na zuba a tawa. Ta bi ni da kallo kamar ni ce aka ce iska ta shafa. Na ce, "Rakiya, me ya tsaya miki?" Kuma ranar, karon farko a rayuwata, ban jefa tambaya ta biyu ba. Na jira.

Can ta ce, "Hanyar nan, Sista. Kullum ina bin ta. In na sa Ummi a baya sai in ji ɗumi, in rasa na waye, nata ne ko nawa."

Muka zauna a wurin har inuwa ta juya. Ta faɗa, na faɗa, muka yi kuka, har muka yi dariyar yadda Malam Garba yake ɓigewa da tari in wanda yake wa fassara ya fashe da kuka. Da muka fito Gwaggo ta kira ɗanta ta ce, "Ta koma. Yarinya kuma tana hannun uwarta. Amma in na ga ta ƙara ramewa, da kaina zan je in ɗauko ta, in haɗa da shugabar tata."

Bayan Sallah Rakiya ta dawo, ba takardar ajiye aiki a hannunta. Na yi ajiyar zuciyar da sai da Malam Garba ya waiwayo. Muka sake tsarin zama. Wanda ya saurara ba shi ke rubutawa ba. Shatu ta koma hannuna ni da Malam Garba, Rakiya ta karɓi masu farfaɗiya da allura, sai in an maƙale take leƙowa. Na dage na fara koyon Fulatanci, matan ruga suna rufe baki da mayafi suna dariyar yadda nake karya musu harshe, kuma na lura wadda ta yi dariya takan fi sakin jiki. In an tashi aiki ba mai tafiya gida sai mun zauna ƙarƙashin dalbejiya da ƙwaryar ruwa. Malam Garba ya ce wannan harkar mata ce, ya ja bencinsa can gefe. A rana ta uku shi ya fi kowa daɗewa yana magana. Yanzu na ji yaran da ke wannan aiki suna da sunayen Turanci na ciwon, har taro ake kira a kansa. Mu ba mu san sunansa ba, rabin ƙwaryar ruwa muke da shi.

Rakiya ta fara cin abinci, ta fara tsokanata kamar da. Amma goyo shiru. Kullum da la'asar Inna Kande takan kawo Ummi, ta tsaya daga nesa sai mun gama zamanmu, sannan ta miƙa ta, Rakiya ta saɓa ta a kafaɗa su tafi. Ba wanda ya ce mata uffan. An yi roƙon ruwa a bayan gari, sama tana nan fari fat.

Kwana tara bayan Sallah, mun gama zama ke nan, Ummi na hannun uwarta, sai iska ta juya. Ba mu kula ba, mun gaji da yaudarar hadari. Sai ga ɗigo manya-manya a kan tebur, kafin mu ɗaga kai ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ga akwatin kati a buɗe, ga ƙwayoyi a faranti, ga benci. Malam Garba ya rungumi magunguna, na kama tebur, ina ihu a kwashe kati kar su jiƙe. Rakiya tana bukatar hannu biyu. Ta sunkuya, ta wurga Ummi baya, ta warware gyalenta ta ɗaure, ta suri akwatin ta ruga. Ta dawo ta ɗauki benci, ta sake komawa ta tsinto katin da iska ta kwasa.

Sai da muka kwashe komai muka tsaya a baranda muna haki, ruwa na dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Daga cikin gari ana ta guɗa. Ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. A nan na ga Rakiya ta ƙame, hannunta ya kai kan ƙullin gyalen a ƙirjinta. Ummi tana bayanta, kanta a jiƙe, tana miƙa hannu tana son kama ruwan indararo. Na buɗe baki zan yi magana, kamar yadda na saba, Inna Kande ta take mini ƙafa.

Rakiya ta kama bakin gyalen nan, ta ja, ta ƙara tamke shi.

Jiya da matar jikana ta shigo da barkononta, ta tarar da ni ina murmushi ni kaɗai, ta ce, "Hajiya, me ya faru?" Na ce mata ruwa ne.